Shugaban da Bai Iya Riƙe Diga Ba

Akwai ayyukan ikilisiya da ba a jin su a sanarwar ranar Lahadi. Magatakarda zai tashi ya karanta yawan waɗanda suka halarci sujadar makon jiya, maza kaza mata kaza, ya faɗi baikon da aka samu, ya tuna wa mawaƙa lokacin koyon waƙa, ya koma ya zauna. Ba zai ce ga wanda ya share majami'a ba, ko su wa suka kwana a asibiti wajen mara lafiya, ko wa ya baibaye ɗakin gwauruwa kafin ruwa ya sauka. A ƙauyukanmu na kudancin Jihar Katsina, wajajen Malumfashi da Kafur, duk waɗannan na zumuntar matasa ne, kuma an saba da su har ido ya daina ganinsu. Ni ma ban gan su ba, alhali a cikinsu na tashi.

Abin da na gani shi ne abin da ake ba da kyauta a kansa. Tun ina yaro ni ne gwanin gasar tambayoyi. A tashe ni tsakar dare zan faɗi cewa a 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da niyyar shigowa yankin nan da a lokacin ake kira Sudan, biyun farko suka mutu tun aikin bai kafu ba, Bingham ya rage. Na san a 1932 aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda da shi kakanninmu da yawa suka koyi karatu. Na san a 1954 ikilisiyoyin da mishan ta SIM ta kafa suka zama ECWA. A ƙungiyar birged ta yara maza ma na haddace cewa William Smith ne ya kafa ta a Glasgo a 1883. Duk wannan yana kaina. Da a ce wani ya tambaye ni gwauraye nawa ne a ikilisiyarmu, da sai in tsaya ina sosa ƙeya.

Zumuntar da na shiga bayan na yi baftisma ba ta da takarda ko ɗaya, ban da wani tsohon littafin ma'aji da gwangwanin ajiyar kuɗi. Ana haɗuwa da yamma sau ɗaya a mako, a yi waƙa da ganga da caki, a karanta sura, a yi addu'a. Asabar kuwa, in damina ta kama, ranar gona ce. Wani makon ƙwadago ake zuwa yi a gonar mai hali, kuɗin ya shiga gwangwani. Wani makon kuma gayya ce a gonar gwauruwa ko ta wanda ciwo ya kwantar, a yi noman firi, in lokacin maimai ya yi a dawo, ba a karɓar komai sai kunu in an samu. Daga gwangwanin nan ake aika gudummawa ga masu bisharar EMS, a biya kuɗin mota zuwa babban taron matasa, a sauya fatar ganga, a saya wa wani magani. Da rani a yi tubali don gyaran majami'a, a bi 'yan Sabon Rai wa'azi zuwa ƙauyuka. In an yi rasuwa kuma, matasa ke haƙa.

Na ci moriyar wannan tun ban san na ci ba. Ina sakandare ta kwana mahaifina ya kwanta, ciwon ya kai shi har kaka. Na dawo hutun Kirsimeti na tarar da rumbunmu cike da dawa, karan gona an tattare. Ban tambayi wanda ya girbe ba. Yaro mai jarrabawa a gaba ba ya tambayar rumbu. Da na samu gurbin jami'a, 'yan zumunta ne suka haɗa mini kuɗin mota, suka raka ni bakin titi, suka ɗora mini hannu suka yi addu'a har direba ya fara danna oda. Na yi godiya irin ta wanda yake ganin haƙƙinsa ne aka ba shi.

A makaranta na ga wata irin zumunta. Tun a sakandare ina zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, a jami'a kuma na shiga zumuntar ɗalibai har na riƙe muƙami. Can akwai tsarin mulki a rubuce, akwai kwamitoci, akwai rajista, ana rubuta abin da aka tattauna, ana fara taro da ƙarfe kaza a tashi da ƙarfe kaza. Akwai piyano da lasifika, kuma da Turanci ake komai, don akwai mutanen kowace ƙabila. Tsarin ya dace da su, tunda duk ɗalibai ne masu jadawali ɗaya da hutu ɗaya, ba mai gona ba mai iyali. Wannan ban lura da shi ba. Na dai lura cewa na can yana da kyaun gani, namu na gida kuwa sai ƙura da kaushin ƙafa.

Bayan bautar ƙasa na samu koyarwa a wata makaranta kusa da gida. Zaɓen zumunta ya zo, wanda yake shugaba a lokacin, wani yayanmu da bai wuce firamare ba, shi da kansa ya ce a ba ni. Ya ce Allah ya ba mu mai digiri, ai sai a yi amfani da shi. Aka ɗaga hannu, na ci babu hamayya. A ranar na yi jawabi na ce lokaci ya yi da za mu fita daga duhu. Mutanen da suka girbe gonar ubana suna zaune suna tafa mini.

Na fara da tsarin mulki. Na ɗauko na jami'a, na goge sunan da ke sama na sa namu, aka buga a shagon kwamfuta a Malumfashi. A ciki akwai kuɗin wata da kowa zai riƙa biya, akwai tarar makara, akwai kuma sashen da na fi alfahari da shi: duk wanda ya yi wata uku bai biya ba, ko bai halarta ba, za a cire sunansa. Mai albashi ne kaɗai zai ƙirƙiro kuɗin wata a ƙauye. Manomi da kaka yake ganin kuɗi. A watan Agusta, lokacin marka, rumbu ya yi ƙasa, abin da ya samu na taki ne da na awo. Da an gama girbi kuma samari sai su tafi ci-rani Kano, Kaduna, Abuja, wasu har kudu, ba sa dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Wato na rubuta dokar da damina za ta kori rabi, rani ya kori sauran rabin. Na kuma karanta musu ita da Turanci, na tambaya ko akwai mai gyara. Aka yi shiru, na rubuta cewa an amince baki ɗaya.

Sai na ce binciken Littafi ma da Turanci za a riƙa yi, don mu saba. Mutanen da in aka buɗe sura da Hausa sai sun yi musu har dare, suka koma kallon ƙasa. Har na taɓa koyar da 1 Korintiyawa sura 12, inda ake zancen gaɓoɓin jiki da yadda kowace ke bukatar 'yar'uwarta, cikin harshen da galibin gaɓoɓin da ke zaune gabana ba sa ji. Na fito ina jin na yi wa'azi mai kyau.

Asabar ce ta rage. Na ce ba zai yiwu a wannan zamani matasan ikilisiya su riƙa yawon ƙwadago ba, abin kunya ne. Na mai da safiyar Asabar ta zama ta taron ƙara wa juna sani da koyon piyano. Piyanon kuwa da janareto da lasifika biyu na karɓo su bashi daga wani ɗan kasuwa, na juye abin da ke gwangwani na ba da kafin alƙalami, na ce kuɗin wata zai biya sauran.

An gargaɗe ni, kada in yi ƙarya. Wani dattijon ikilisiya ya kira ni gindin bishiya bayan sujada ya ce, "Ɗana, kafin ka sauke abu ka tambayi wanda ya ɗora shi." Na ce, "Baba, ku dai ku sa mana albarka, za ku ga canji." Mama shugabar zumuntar mata ta tare ni a hanya ta ce, "Malam, gonakin tsofaffin nan fa?" Na ce za a kafa kwamitin jin daɗi. An kuwa kafa shi, har da sakatare. Mahaifiyata ba ta ce komai ba sai sau ɗaya, tana tankaɗe, ta ce, "Su wane ba na ganinsu wajenka yanzu." Na ce ai ana tacewa ne, gara kaɗan masu himma.

An kuwa tacu. Na sayi jan biro musamman, duk ƙarshen wata in zauna da rajista in ja layi a kan sunaye. Waɗanda suka rage ɗalibai ne, da malaman makaranta biyu-uku, da 'yan matan mawaƙa. Ranar Kirsimeti muka ƙaddamar da piyano, muka sa riguna iri ɗaya, baƙi daga wata ikilisiya suka ce ba su taɓa ganin zumuntar ƙauye irin tamu ba. Wannan maganar ta riƙe ni har Ista.

Bayan Ista, cikin tsananin bazara, wata tsohuwa ta rasu. Gwauruwa ce, 'ya'yanta sun riga ta, tana zaune da jika ƙarama. Ina yaro na sha cin ɗanwake a hannunta. Ta cika da yamma, kuma da irin zafin nan ba a ajiye gawa, aka sa biso washegari da hantsi. Fasto ya aiko mini cewa a tara matasa. Na ce an gama. Na ɗauki waya na tura saƙo ga duk wanda sunansa ke rajista: a haɗu a makabarta da asuba. Sannan na zauna na tsara waƙar da za mu rera da piyano.

Da asuba muka haɗu, mu 'yan kaɗan, kowa hannu na dukan cinya. Sai a lokacin na gano zumunta ba ta taɓa mallakar diga ba, kowa da tasa yake zuwa. Na ruga gidan wani maƙeri maƙwabcinmu, Musulmi, na buga masa ƙofa. Ya ba ni diga da shebur, ya dube ni ya ce, "Malam, yanzu za ku fara?" Ban gane tambayar ba.

Na auna da takuna, na zana da ƙafa, na ce bismillah irin tamu, na shiga. Ƙasar sama ta ba da haɗin kai. Da muka kai marmara sai labari ya sauya. In na kai sara, diga ta yi tsalle ta dawo, ƙarfin ya bi ta hannuna har haƙora. Tafina ya yi bororo, bororon ya fashe. Muka riƙa karɓa-karɓa, kowa ya yi sara kaɗan ya miƙa wa na kusa yana haki. Rana ta ɗaga. Daga gidan rasuwa ana jiyo mata suna waƙa da tulu, alamar mutane sun fara taruwa. Ramin bai wuce gwiwata ba.

Ina ciki na ji an yi sallama. Na ɗaga kai na ga tsohon shugabanmu, diga a kafaɗa, wani dogon kara a hannu, bayansa samari, yawancinsu ba su daɗe da dawowa daga ci-rani ba. Ya ce, "Shugaba, sannu da aiki." Ya shimfiɗa karan a bakin ramin. Awon akwatin ne ya karɓo daga wajen kafinta. Ramina ya gaza da fiye da taƙi ɗaya. Da mun ci gaba, da sai an iso da gawa ana waƙa a tarar akwati ba ya shiga. Bai ce komai a kan wannan ba, ya dai ce, "Fito ka huta." Ya miƙo mini hannu ya jawo ni.

Wani daga cikin ƙananansu ya tuɓe riga, ya tofa yawu a tafi, sannan ya ce, "Yaya, mu da ba mu biya kuɗin wata ba, ya halatta mu haƙa?" Wasu suka ƙunshe dariya. Yayan ya daka masa tsawa ya ce, "Kai, wajen mutuwa muke. Ka ba shugaba girmansa." Da ya bar su sun yi dariyar, da na fi samun sauƙi.

Aikin da aka ba ni shi ne ɗebo ruwa. Ashe marmarar bazara ba a tunkararta a bushe. Tun dare ake zuwa da fitila a fasa sama, a zuba ruwa, a bar shi ya tsuma, a dawo. Abin da maƙeri ke tambaya ke nan. Ashe kuma shugaba ba saƙo yake turawa ba, da ƙafarsa yake bin gidaje tun daren, yana cewa an yi rashi. Waɗanda na cire sun zauna a daren suna jira a zo a kira su, ba a zo ba. Da gari ya waye suka yi ta shawara ko su je ko kada su je, tunda an ce ba sa ciki, har sai da Mama ta aika yaro ya ce musu in suna jiran takarda ne, tsohuwa ba za ta jira ba.

Tsakanin famfon tuƙa-tuƙa da makabarta akwai 'yar tafiya, kuma a kan wannan hanyar, jarka a kafaɗa, abin ya same ni. Duk dawowar da zan yi sai in tsaya in zuba ruwa, in dubi waɗanda ke cikin ramin. Na san kowa da inda sunansa yake a rajista, na san watan da na ja masa layi. Wannan na Agusta ne. Wancan na Fabrairu. Mai saran nan da ke fasa marmara kamar ba ita ta gagare mu ba, da shi da yayan da ke riƙe da kara, tsararrakin da suke ganiyar ƙarfi ne shekarar da mahaifina ya kwanta. A nan na yi lissafin da ya kamata in yi tun ina sakandare. Dawa ba ta girbe kanta. Ina tsaye da rigar zumunta mai tambari, hannu na zubar ruwa, na gane ban taɓa yi wa wannan ƙungiya aikin da ya kai na yini ɗaya na mutumin da na kora ba. Ina ta cewa ni ɗan zumunta ne tun ina yaro, ashe ɗan goyonta ne. Na zama kamar baƙon da ya ci tuwo ya ƙoshi, ya tashi ya ce murhun gidan a karkace yake, ya tumɓuke duwatsun.

Kafin fasto ya gama wa'azi a majami'a kabari ya kammala, gefensa a miƙe. Ba mu rera waƙar piyano ba, ba wanda ya tuna ya sayi mai.

Sauran labarin a zaman makoki na ji, kuma shi ya fi nauyi. Daminar da na soke gayya, gonar tsohuwar ta jira noman firi har ciyawa ta fi dawa tsawo. Daga baya yayan nan da wasu suka riƙa zuwa da yamma bayan sun tashi daga nasu gonakin, suka yi abin da suka iya. Maimai bai samu ba. Abin da ta girba bai kai ta ko'ina ba, ta sayar da akuyarta ta yi awo. Kwamitin jin daɗina bai sani ba, don ba wanda ya rubuto masa. Sunayen gwauraye da na marasa lafiya, da gonar da za a fara da wadda za ta iya jira, duk a kan mutanen da na cire suke, ba su taɓa hawa takarda ba. Mama ta ce an so a gaya mini, tsohuwar ce ta hana. Ta ce kada a tayar wa yaron hankali, aikin Allah yake yi.

Da farko na nemi mafaka a wajen niyya. Na ce ai alheri na nufa. Amma in na bi abin a hankali, niyyar ma ba ta fita fes ba. Kunya ce a ƙarƙashinta. Ina jin kunyar ganga da caki in baƙi sun zo, ina jin kunyar a ce shugaban 'yan ƙwadago ne ni. Ina son a tashi a babban taro a kira sunan ƙauyenmu a ce ga inda mai ilimi ya koma gida. Piyano ba shi da laifi, rajista ma haka, har yau muna amfani da su. Laifin shi ne na auna zumunta da abin da ke faruwa lokacin da nake tsaye a gabanta. Abin da ake yi ba na nan, a gona da asibiti da makabarta, ban sa shi a lissafi ba, don ba a taɓa tafa wa kowa a kansa ba. Kuma kada mai karatu ya yi saurin girgiza kai. Duk wanda ya je makaranta ya dawo gida da fayil a hammata, ko a coci yake ko a ƙungiyar unguwa, jan biron nan yana aljihunsa, damar cire murfin ce kawai bai samu ba.

Na je wajen dattijon nan na ce zan ajiye muƙami. Ya ce, "Ka ɓata sannan ka gudu? Wa zai biya bashin piyano?" Ranar Lahadi na tashi bayan sanarwa na nemi gafara da Hausa, muryata na rawa. Ban yi dogon jawabi ba, wannan kaɗai ma ci gaba ne. Muka soke kuɗin wata, aka koma kowa ya kawo tiyar hatsi da kaka. Mai ci-rani yana nan a rajista har ya dawo. Asabar ta koma gona, koyon piyano ya koma yammacin Lahadi. Na roƙi yayan ya zauna da ni ya faɗa mini gonakin gayya ɗaya bayan ɗaya, ina rubutawa, yana dariya yana cewa ko wannan ma sai an buga a kwamfuta.

Bashin piyano da ƙwadagon daminar nan aka biya shi, da ta bayanta. Mutanen da na kora su suka noma kuɗin kayan da na kore su dominsa. Ina binsu da fartanyata, kullum kunyata ce ta ƙarshe, wani ya gama tasa ya juyo ya tarye ni.

Ba duka suka dawo ba. Yaron da ya yi tambayar nan a bakin kabari na je har gidansu na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ya kawo mini ruwa, ya raka ni ƙofa. Bai sake zuwa zumunta ba. Daga baya ya yi aure ya koma Kano da zama, na ji yana wata ikilisiya a can. Jikar tsohuwar kuwa tana hannun wani kawunta, zumunta ke biya mata kuɗin makaranta daga gwangwani.